Minti Goma Sha Huɗu da Baba Tijjani

Ranar Litinin ta biyu a watan Satumba na shekarar 1990, da ƙarfe tara da kwata na safe, mu uku ne a ofishin rajista na wata kwalejin fasaha a arewacin Ingila: ni, da matar da ke karɓar sababbin ɗalibai, da wani Bakano mai suna Sani, wanda ya taro ni a tashar jirgin ƙasa kwana biyu kafin nan. Matar ta baje takarduna a kan tebur tana bin su da yatsa. Ta wuce lissafi tana gyaɗa kai, ta wuce kimiyya. Da ta zo kan Turanci sai yatsan ya tsaya.

Ta yi bayani mai tsawo. Abin da ta ce, kamar yadda na fahimce shi daga baya, shi ne jarrabawar Turanci iri biyu ce. Akwai wadda 'yan ƙasa ke yi in za su gama sakandare, akwai kuma wadda aka tsara wa baƙi waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Ta biyun ce tawa. Kashi huɗu gare ta: karatu, rubutu, saurare, da magana. Dole a ci duka huɗun a zama ɗaya, a watan Yuni. In na ci, zan shiga karatun injiniyan ruwa na shekara uku. In na faɗi ko da kashi ɗaya ne, gurbina ya zama na wani, tallafin karatun da jiha ta ba ni ya ƙare, takardar izinin zamana ma ta ƙare.

A lokacin rabin maganar na ji. Muna saukowa daga bene na tambayi Sani me ta ce.

"Cewa ta yi ka dage da Turanci," in ji shi. "Shi ke nan."

Na lura fassarar ta fi maganar gajarta ƙwarai.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Fulatan, a ƙasar Rogo. Mahaifina malami ne mai makarantar allo, kuma manomin gyaɗa da dawa. A Karaye na yi sakandare. Yadda ake koyon Turanci a wurinmu shi ne malami ya rubuta insha'i a allo, mu kwafa, mu haddace. Ranar kasuwa a garinmu. Wasiƙa zuwa ga kawu. Gobarar da na gani. Ga wanda ya haddace Alƙur'ani yana da shekara goma sha shida, insha'i arba'in ba wani aiki ba ne. Akwai kuma doka cewa duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta zai yi yankan ciyawa. Dokar ba ta sa mun yi Turanci ba. Shiru ta koya mana. Na shekara biyar ban taɓa yin hira da kowa cikin harshen ba. Sau uku na zauna jarrabawar Turanci a gida, abin da ya fi kyau da na samu shi ne fas, ba kiredit ba.

Mahaifina bai yarda da tafiyar ba sai da ya ji kalmar ruwa. Rijiyar ƙauyenmu kan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, daga nan sai tonon rairayi a ƙorama, tafiyar kusan awa ɗaya. Ya ce in dai abin da zan koyo ke nan, in je.

Zangona na farko shi ne ɗakin Sani, a saman wani kantin kayan abinci da yake kula da shi. Ya ba ni katifa a ƙasa, ya nuna mini alƙibla, ya koya mini yadda ake kunna murhun gas. Da safe ina zuwa darussan lissafi da zane a kwaleji. Ajin Turancin baƙi kuwa da ƙarfe biyu na rana ake yi, kuma daidai lokacin motar kaya ke isowa kanti.

"Wannan ajin na waɗanda ba su san ko baƙi ɗaya ba ne," in ji Sani. "Kai da ka gama sakandare, me za ka yi a cikinsu? Ina da malami, tsohon hannu. Ka riƙa taimaka mini da sauke kaya, ni kuma in haɗa ka da shi."

Haka aka yi. Wata uku ina sauke buhunan albasa da shinkafa da rana, da yamma in je wurin wani dattijon Bature mai tari, wanda zai miƙo mini tsofaffin littattafan waƙoƙi da wasan kwaikwayo, ya ce in karanta, shi kuma ya koma kallon ƙwallo. Na yi abin da na iya. Na haddace waƙoƙi goma sha tara, ban san ma'anar rabinsu ba.

A farkon Disamba ina zaune a laburare kusa da bututun ɗumama ɗaki, ina jujjuya jiki ina bita kamar yadda muke yi a gaban allo, sai wata doguwar mata mai furfura ta tsaya a kaina. Ta karɓi littafin, ta duba bangonsa, ta tambayi sunana. Da na faɗa, ta ce wata uku ke nan tana kiran sunan a aji ba a amsawa. Ita ce Misis Dosin, malamar Turancin baƙi. Littafin da ke hannuna na jarrabawar 'yan ƙasa ne, kuma ko su sun daina amfani da shi tun shekaru. Daga baya na gano malamin nawa tsohon maigadin wata makaranta ne da ya kwashe littattafan da aka zubar.

Na sami Sani yana jera gwangwanayen tumatir. Na faɗa masa abin da na ji, ba tare da ɗaga murya ba.

"Malam Tukur, Turanci ai Turanci ne," in ji shi. "Tsakaninka da Allah, ka ƙaru ko ba ka ƙaru ba?"

Na ce daga gobe ba zan ƙara sauke kaya ba. Ya ce to in nemi wurin kwana kafin ƙarshen mako.

Washegari na shiga ajin. Mu goma sha shida ne, yawancinsu yara 'yan shekara goma sha shida zuwa sha takwas, 'ya'yan baƙi daga Biyetnam da Turkiyya da Somaliya, masu neman wannan takarda don su ci gaba da karatu. A can baya akwai dattijo ɗaya, baƙar fata, mai farin gemu, da kwat da rawani. Ina zama gwiwata ta bugi ƙarfen tebur, na ce, "Wash!"

Dattijon ya ɗago. "Kai yaro, ɗan wace ƙasa ne?"

Da Hausa ya yi tambayar. Wata uku ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai Sani. Da aka tashi na bi shi waje, na durƙusa a tsakiyar hanya na gaishe shi, ɗalibai suna ratsa mu suna kallo.

Sunansa Tijjani, mutumin Sudan, wanda ya shekara talatin yana haɗa magunguna. Bai taɓa gaya mini abin da ya fitar da shi daga ƙasarsu ba, ni kuma ban tambaya ba. Yana neman takardar ne don a bar shi ya yi sana'arsa. Da na ce masa a Karaye na yi makaranta, sai ya kama hannuna da ƙarfi.

"Akwai wani gari Yola a can? Ba ta Adamawa ba."

"Akwai, Baba. Na sha bi ta nan a keke."

"Daga nan kakana ya tashi da ƙafa zai je Makka. Ya kai Sudan ya ga kakata, har yau bai ƙarasa ba." Ya yi dariya. "Ku Kanawa haka kuke, in kun ga wurin zama sai ku ce hutawa kuke."

"Ai Baba kai ma Bakano ne ke nan."

"A'a, ni na warke."

A ranar ya kai ni gidansa. Matarsa, Hajiya Batula, ta share mini wani ɗan ɗaki da suke ajiye akwatuna. Ta tuƙa wani abu mai kama da tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci loma biyu na kasa ci gaba, na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada su ji kukana. Na wanke fuska na fito. Baba Tijjani ya ɗauko wata tsohuwar kwat mai nauyi ya yafa mini, ya ce wadda na zo da ita ta shan iskar Kano ce.

Wata takwas na zauna da su. Ina riƙe masa jaka in za mu kwaleji. Ba na zama sai ya zauna, ba na sa hannu a kwano sai ya sa. Ba shi ya nema ba. Haka na tashi na gani, kuma a wannan gari da komai baƙo ne, yin hakan shi ne abu ɗaya da na tabbata na iya.

Karatu da rubutu ba su ba ni wuya ba da zarar na daina hadda. Saurare ya zo a hankali, da taimakon rediyon Hajiya. Magana ce matsalar. A mako na farko Misis Dosin ta tsayar da ni a gaban aji.

"Me ke ƙasa da kake kallo?" ta ce. "Fuskata tana nan sama."

Na yi mata bayani cewa a wurinmu ba a ƙura wa babba ido. Ta ce ta gane, amma mai jarrabawa ba zai gane ba, zai rubuta cewa ba ni da abin faɗa. Ta ce a kashin magana mutum biyu ake haɗawa, a ba su batu, a ce su yi gardama. Ana ba da maki ga wanda ya kawo hujja, ya ƙi yarda, ya karɓe magana daga bakin abokinsa. Ta rubuta mana jimlolin katse mutum a allo. Na haddace su a minti biyar. Furta su ya ɗauke ni wata uku.

Ta riƙa haɗa ni da yara. Akwai wani Baturke mai surutu da wata 'yar Biyetnam mai saurin fushi. Da su na koya. Kafin azumi ya ƙare ina iya ce wa Baturken bai yi daidai ba, ina kallon idonsa. Ranar da na katse shi sau uku a jere, Misis Dosin ta tafa. Ba ta taɓa haɗa ni da Baba Tijjani ba. Ni ban nema ba, ita kuma ba ta yi tunanin akwai bambanci ba.

A watan Afrilu wasiƙar mahaifina ta iso, da ajami, ta hannun wani ɗan kasuwa da ya sa ta a gidan waya a Kano. Bayan gaisuwa da addu'a, layi biyu ne: rijiya ta ƙafe da wuri bana, mahaifiyata ta yi ciwon baya saboda tulu amma ta samu sauƙi. Bai tambayi karatu ba. Na zauna a bakin taga ina kallon ruwan sama da ya kwana uku yana zuba a kan kwalta yana shiga magudana. Ruwan can ba shi da ƙamshi. Wannan abu ya dame ni fiye da sanyi.

Akwai wata mata mai share-share a kwalejin, gajeriya, mai shan taba. Ta taɓa samuna ina sallar Azahar a ƙarƙashin matattakalar bene. Washegari ta ja ni ta nuna mini ɗakin ajiye tsintsiya, ta shimfiɗa kwali mai tsabta, ta nuna mini inda take ɓoye mabuɗi. Ban taɓa sanin sunanta ba.

A watan Yuni muka yi kashi uku na farko cikin kwana biyu. Na fito na san na ci. Ranar Juma'a aka liƙa jerin waɗanda za a haɗa a kashin magana. Bisa tsarin haruffa aka bi. Tijjani, Tukur. Sunayenmu suna jere, an haɗa su da layi ɗaya.

Na je wurin Misis Dosin na roƙa a canza. Ta ce jerin daga hukumar jarrabawa ya zo, ba ta da iko a kai. Ta ce ma ai na yi sa'a, tunda wanda na fi sabawa da shi aka ba ni.

Ranar Talata da safe, a cikin bas, Baba Tijjani ya juyo gare ni.

"Ɗana, saurara. Daga ƙofar ɗakin nan zuwa fitowarmu, ni ba babanka ba ne. Ka katse ni. Ka ce ƙarya nake. In ka ga dama ka ce tsohon banza. Na yafe tun yanzu, duniya da lahira."

"To, Baba."

"Ba to Baba ba. Gwada in ji."

Na buɗe baki, na yi dariya, shi ma ya yi. Bas ya tsaya muka sauka. Ban gwada ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma aka kira mu. Masu jarrabawa biyu ne: wani mutum mai tabarau da ke tambaya, da wata mata a gefe mai rubutu, da rikoda a gabanta da agogo. Minti goma sha huɗu ne duka. Huɗu na farko, tambayoyi ga kowa shi kaɗai. Na amsa ina kallon tabaran mutumin. Huɗu na biyu, aka ba kowa hoto ya bayyana. Nawa na wata tashar bas ce. Na yi shi tsaf. Na ga matar tana gyaɗa kai.

Sai aka ajiye kati a tsakaninmu. Batun shi ne ko ya kamata a hana motoci shiga babban titin kasuwar gari. Baba zai goyi bayan hanawa, ni zan yi adawa. Minti shida.

Kafin mutumin ya gama bayani na riga na tsara hujjoji huɗu: tsofaffi da marasa lafiya, masu sauke kaya, motar kashe gobara, da cunkoson da zai koma ƙananan tituna. Ta biyun na san ta da gadon bayana, tun kantin Sani. Har yau ina iya faɗarsu da Turanci a jere.

Baba ya fara. Na jira ya kai aya. A gidanmu in babba ya yi shiru ba a faɗawa nan take, sai an bar ɗan lokaci, a tabbata ya gama, ba numfashi yake ja ba. Ya yi shiru, na bar wannan ɗan lokacin. Shi kuma ya ga shiru ya yi yawa a gaban Turawa, ya tsorata, ya ci gaba. Haka ya faru sau biyu.

A karo na uku ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce da Turanci, da ƙarfi, ai masu kantuna ba sa bukatar mota ko kaɗan, kayansu da ƙafa suke zuwa. Da gangan ya faɗi abin da ba shi da kai, don ya buɗe mini ƙofa. Ya ce, me ka gani?

Na ɗaga ido. Na ga farin gemun, na ga rawanin, na ji nauyin kwat ɗinsa a kafaɗata, don ita ce a jikina. Jimlar tana bakina. Kaina ya sunkuya da kansa.

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Na yarda da kai."

Da Turanci na faɗa, kuma ba kuskure a ciki.

Ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Mai tabarau ya ce, amma kai adawa aka ce ka yi, ba ka da wani ra'ayi dabam? Na ce ina da shi. Na fara hujjar farko ina kallon katin, muryata a ƙasa, ina neman hanyar da zan faɗe ta ba tare da ta zama ƙaryata Baba ba. Na ce wataƙila, na ce in an yi haƙuri, na ce ko da yake maganarsa gaskiya ce. Ban kai ga tsofaffin ba matar ta danna agogo.

Muka fito, na bi bayan Baba har bakin titi. Can ya ce, "Na ce maka na yafe."

"Na ji, Baba."

"To me ya hana ka?"

Na karɓi jakarsa muka nufi tashar bas. Har yanzu amsar da nake da ita ba ta da yawa: izininsa ya kai kunnena, bai kai wuyana ba.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Na ci karatu da rubutu da maki mafi girma a ajin. Na ci saurare. Na faɗi magana. A ƙasan takardar an rubuta cewa ɗalibin bai nuna zai iya shiga tattaunawa ba. Misis Dosin ta rubuta wa hukumar wasiƙa mai shafi biyu tana bayanin al'adarmu. Suka amsa da cewa sun sake sauraron kaset, makin daidai ne. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke kaset ɗin ke nan. Matar ofishin rajista ta ce zan iya sake zama baɗi, amma gurbin ba zai jira ba, izinin zama ma haka.

Baba Tijjani ya ci duka huɗun. Ya ɓoye mini takardarsa kwana uku, sai Hajiya ce ta gaya mini. Ranar da zan tafi ya raka ni tashar jirgin ƙasa. Na cire kwat ɗin zan mayar masa, ya ce in tafi da ita, ko a Rogo ana sanyi. Ya ce in na bi ta Yola in gaishe masa da ko wane ne na gani.

Na isa gida ranar kasuwar Rogo, a bayan motar da ta kawo buhunan wofi. Bayan La'asar na sami mahaifina a zaure da baƙi biyu. Da suka tashi ya ce in faɗa masa yadda aka yi. Na faɗa daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Ya saurara yana jan carbi.

"Dattijon nan, shekarunsa nawa?"

"Zai kai sittin, Malam."

"Kuma a gidansa kake ci, a gidansa kake kwana?"

"E."

"Su kuma suka ce sai ka ƙaryata shi a gaban mutane za su ba ka takarda."

"Kusan haka ne."

Ya yi shiru. Na bar ɗan lokacin nan.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Ban taɓa jin daɗinka kamar yau ba."

Ya miƙo mini buta ya ce in duba ko akwai sauran ruwa a randa.

Na koyar da lissafi a Karaye shekara biyu, daga nan na sami aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo, inda na yi shekara ashirin da shida. Baba Tijjani ya buɗe kantin magani a garin da na baro shi, ya rasu shekara bakwai bayan haka. Rijiyar burtsatse ta farko a ƙauyenmu, wani ɗan kwangila ne ya haƙa ta, shekara goma sha ɗaya bayan dawowata, shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyata.